Tsoma 'ya'yan itatuwa a cakulan don biki: amsa ga mai tambaya daga Gwarimpa

"Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Gwarimpa, Abuja. Tsakiyar Nuwamba za a yi kamun ƙanwata, ni aka ɗora wa kayan ƙwalama na tebur, mutum kamar 80. Na ga hotunan tuffa da sitiroberi da Turawa ke tsomawa a cakulan lokacin kakarsu, suka ba ni sha'awa. Na gwada da tuffa da abarba da kankana. Karon farko cakulan ɗin ya dunƙule a tukunya, na ƙara madara ya ƙara lalacewa. Karo na biyu ya narke lafiya, amma da na fito da su daga firji sai suka yi zufa, washegari suka yi fari-fari, na tuffar kuma yana ɓarewa. Ina kuskuren yake? Kuma zan iya yi tun ana gobe biki?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Ƙorafinki uku ne: cakulan ya dunƙule, ya yi zufa da fari, ya ƙi kama jikin tuffa. Biyun farko ruwa ne ya jawo su, na ukun ma yana da hannu a ciki. A bayansa kuma akwai zafin Abuja. In kin iya da waɗannan biyun, sauran aikin hannu ne da za ki ƙware a kai cikin yini guda.

Bari mu fara da hotunan da kika gani. A Amurka da Ingila, Satumba zuwa Nuwamba lokacin girbin tuffa ne, shi ya sa ake soke ta da tsinke a lulluɓe da narkakken sukari ko cakulan don bikinsu na 31 ga Oktoba, a Ingila kuma har da daren wasan wuta na 5 ga Nuwamba. A wannan lokacin garinsu ya yi sanyi, tire zai wuni a kan tebur ba abin da zai same shi. Abuja kuwa a Nuwamba zafin rana yakan haura digiri 30, alhali cakulan na asali yana fara laushi tun kafin nan, ya narke gaba ɗaya a wajen 33 zuwa 34. Ni a Jos nake sana'ar kek da kayan zaƙi, garin da ke kan tudu mai tsawon mita 1,200 da wani abu, kuma ba zan ɓoye miki ba, rabin kyan aikina sanyin gari ne ke yi mini. Duk odar da za ta sauka Abuja, dabara nake canzawa tun daga cakulan ɗin da zan saya.

Me ya sa ya dunƙule

Ko da kin ga cakulan ya narke yana zuba, babu ruwa a cikinsa. Garin koko ne da garin sukari masu laushi ƙwarai suna yawo a cikin mai. Ɗigon ruwa ɗaya in ya faɗa, sai ya jiƙa sukarin da ke kusa, ya yi danƙo, ƙwayoyin su manne da juna, nan take kwanon ya koma gudaji. Madarar da kika zuba don ki gyara, kusan kashi 87 cikin 100 nata ruwa ne, kin ga ƙara wa wuta fetur aka yi. Abin mamakin shi ne, ruwa kaɗan ne ke dunƙula shi, mai yawa kuwa yana sake shi. Da kin ci gaba da zuba madara mai zafi kina juyawa, da ya koma sumul, sai dai ba zai ƙara daskarewa da ƙarfi ba. Irin wannan kada ki zubar, ki kwarara a kan kek ko ki dama wa yara su sha.

Ɗora tukunya kai tsaye a kan gas shi ma yana dunƙula shi, ta hanyar ƙonewa. Yadda ake yi, ki zuba ruwa kamar tsawon gaɓar yatsa biyu a ƙaramar tukunya, ki samu kwanon silba ko na gilashi da zai zauna daram a bakinta, gindinsa bai taɓa ruwan ba. Ruwan ya fara ƙananan ƙwai, ki kashe wutar, sannan ki ɗora kwanon da yankakken cakulan a ciki, ki yi ta juyawa a hankali. Kada ki rufe da murfi, tururi zai taru a jikinsa ya ɗigo. In kin ɗaga kwanon ki goge gindinsa da tsumma kafin ki matso da shi kusa da tire. Muciya da cokalin katako ki bar su a inda suke, suna riƙe danshi, suna kuma riƙe ƙamshin miya, cakulan kuwa ba abin da ya kai shi kwasar wari. Cokalin ƙarfe busasshe ya wadatar.

In kin ga ya yi kauri kina son ya sake, mai ake sawa: ƙaramin cokali ɗaya na man kwakwa ko man girki marar ƙamshi a kan kowane giram 100. Kada ki wuce haka, don man kwakwa tun a digiri 24 yake narkewa, in ya yi yawa rufin ba zai yi ƙarfi a Abuja ba.

Wane cakulan kika saya?

Ba ki faɗa ba, amma a nan rabin amsar take. Iri biyu ne a shagunan kayan kek. Akwai na asali wanda man koko ne a cikinsa, mafi kyansa shi masu sana'a ke kira kubaca. Akwai kuma kamfawun, wanda aka cire man koko aka sa alayyadi ko wani man tsiro da aka sarrafa. Ki juya bayan ledar ki karanta: in kin ga "cocoa butter" na asali ne, in "vegetable fat" kika gani kamfawun ne.

Man koko yana da wani hali. In ya narke zai sake daskarewa, yana iya kama ɗaya daga cikin siga shida, kuma ta biyar ce kaɗai ke ba da sheƙi da ƙarar nan ta ƙaras in an gatsa. Kin san man kaɗanya in ya narke a rana aka bar shi ya huce da kansa, yadda yake yin tsaki-tsaki? To haka man koko yake yi. Kika narka na asali kika tsoma kawai, zai daɗe bai bushe ba, ya fito dishi-dishi, bayan kwana ɗaya ko biyu ya yi zane-zanen fari. Maganinsa shi ake kira tamfarin, wato bi da shi ta matakan zafi har ya kama siga ta biyar. Hanya mafi sauƙi a gida: ki narka kashi biyu cikin uku, baƙin cakulan ya kai digiri 45 zuwa 50, ki sauke, ki zuba sauran kashi ɗayan da kika yanka ƙanana, ki yi ta juyawa har ya sauko 31 zuwa 32. Mai madara a 29 zuwa 30 ake aiki da shi, fari a 28 zuwa 29, kuma su biyun kada su wuce 45 wajen narkawa. Ki tsoma bakin wuƙa ki ajiye, in ya bushe da sheƙi cikin minti biyar, ya yi. Wannan yana buƙatar ma'aunin zafi na kicin da ɗaki mai sanyin digiri 20 ko kusa da haka. A Jos da safiyar hunturu taga kawai nake buɗewa. A Gwarimpa sai da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma sai in ba a ɗauke wuta a tsakiyar aiki ba.

Shawarata, mutum 80, ga hidimar biki, ga shi hannunki bai saba ba: ki sayi kamfawun. Narkawa kawai ake yi a tsoma, yana bushewa da wuri, ya fi jure zafi, ya kuma fi araha nesa ba kusa ba, musamman tun 2024 da farashin tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya saboda rashin kyan amfani a Kwadebuwa da Gana. Abin haushi, ga koko muna nomawa a Ondo da Kuros Riba, amma yawancinsa ɗanye ake fita da shi, mu sayo cakulan da tsada. Aibin kamfawun shi ne yana barin ɗan maiƙo a dasashi, kuma ɗanɗanonsa bai kai na asali ba, wanda ya san cakulan zai gane. Ina rage wannan ta hanyar zaɓar baƙi maimakon mai madara, in yi rufin siriri, in barbaɗa ɗan gishiri. Cakulan ɗin yara mai biskit ko alewa a ciki ba ya yi. Garin shayi irin su Milo da Bournvita ma kada ki wahalar da kanki, ba zai daskare ba. Tunda kina karanta bayan leda, ki duba har da giya, wasu na waje ana sa musu.

Abin da za ki tsoma

A nan zan ɗan saɓa wa hotunanki. Kankana ki cire ta a lissafi, sama da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, tana yin naso ta ƙarƙashin cakulan tun kafin ki gama jera tire. Ki yanka ta a faranti daban, za a sha a gode. Abarba ma mai ruwa ce. In dole sai da ita, ki yanka da kauri, ki shimfiɗa a kan tsumma mai tsabta ta tsane sosai, ki tsoma rabi, a ci cikin awa biyu zuwa uku. Ayaba tana baƙi tana laushi, ba ta da kyau sai daskararra daga firiza, wannan kuwa na yara ne a gida, ba na tebur ɗin kamu ba.

Tuffar da ta ɓare miki, kaki ne. Yawancin tuffar kasuwanninmu daga waje take zuwa, da yawa daga Afirka ta Kudu, kuma ana shafa mata wani siririn kaki don ta yi sheƙi ta daɗe a hanya. Cakulan ba ya kama shi. Ki tsoma ta a ruwan zafi na daƙiƙa biyar zuwa goma, ki murje da tsumma mai kaushi, ki bari ta bushe ta huce. In kuma da sanyin firji kika tsoma ta, raɓar da ta kwanta a jikinta ta isa ta hana shi kamawa. Sannan ki yi tunanin masu ci: mace ta sha kwalliya da jan baki, ga lalle, ga gwaggwaro, ba za ta kama tuffa guda tana gatsa a gaban dangin ango ba. Ki yanka kowace gida shida ko takwas, ki jiƙa a ruwan da aka matsa wa lemun tsami na minti biyar don kada ta yi ja, ki tsane ɗaya bayan ɗaya da tishu, ki soke da tsinke. Koriyar nan mai tsami ta fi ja dacewa da zaƙin cakulan. Yankakkiyar tuffa ta ranar ce kawai.

Sitiroberi namu ne a nan Filato, ana nomansa sosai a Chaha ta wajen Vom, amma sai hunturu ya kankama yake yawa, daga Disamba zuwa Maris. A tsakiyar Nuwamba in kin samu ma zai yi tsada, kuma ɗan itace ne marar jure wahala, tafiyar mota ta Akwanga da Keffi tana iya farfasa na ƙasan kwali. In kin samu mai kyau ki sayi kaɗan don ado. Ki wanke da ganyensa a kai, kada ki cire, ki shanya awa guda a ƙarƙashin fanka, ki ɗaga ganyen ki goge ƙarƙashinsa, don a nan ruwa ke ɓuya ya ɗigo cikin kwano.

Abin da Nuwamba ke ba ki a wadace lemu ne, lokacin da na Binuwai ke cika kasuwar Zuba. Ki nemi tanjarin mai sauƙin ɓarewa. Ki rarraba shi sala-sala a hankali ba tare da kin fasa siririyar fatar ba, ki zare farin zaren, ki jera a tire ƙarƙashin fanka har fatar ta bushe ta daina manne wa yatsa. Wannan fatar ita ke tsare ruwan a ciki, cakulan ya kama ta tsaf. Ki tsoma rabi a baƙin cakulan, rabin ya fito da launinsa na ruwan goro, ki sa ƙwayar gishiri biyu-uku a kai. Ga launin kakar da kike nema, ba tare da kala ba. Inabi marar ƙwallo ma haka yake, fatarsa a rufe, ki jera uku a tsinke ki tsoma gefe ɗaya.

Amma in kin tambaye ni abin da zai riƙe miki tebur, dabino ne. Ruwansa kaɗan ne, ba ya naso, ba ya baƙi, yana kwana huɗu zuwa biyar a rufe ba abin da ya same shi, kuma babu gwaggo ko inna da za ta ɗaga shi tana tambayar mene ne wannan. Mai taushi za ki nema, irin wanda alhazai ke zuwa da shi, ba busasshen nan mai tauri na dakan kunun aya ba. Ki tsaga kowane ta gefe ɗaya, ki cire ƙwallon, ki buɗe cikin ki duba da kyau a wajen haske. Wanda kika ga baƙin gari ko ɗan zare kamar saƙar gizo a ciki, ƙwaro ya shiga, ki jefar. Kada ki wanke da ruwa ana gab da tsomawa, ki goge da tsumma mai ɗan danshi ki bari ya sha iska. A gurbin ƙwallon ki cusa soyayyiyar gyaɗa biyu, ko kashu, ko ɗan yankin gasasshiyar kwakwa, ki matse bakin. Ki jefa cikin cakulan, ki tsamo da cokali mai yatsu, ki ɗan bubbuga a bakin kwano rarar ta zube. Tunda dabino ya riga ya cika zaƙi, baƙin cakulan mai ɗan ɗaci ne abokinsa, fari yana sa shi gundura tun a na biyu. Soyayyen riɗi a kai yana ƙara masa kyau da ƙamshi. A tirena shi ne ke fara ƙarewa, har a ƙulle wasu a tishu a tafi da su gida.

Da ni ce, kashi biyu cikin uku na tebur ɗin dabino zan yi, sauran tanjarin da inabi, sai faranti ɗaya na tuffa ko sitiroberi a tsakiya don hoto. Ki lissafa wa kowa guda uku. Cakulan kilo biyu zai kai ki, ki ƙara rabin kilo saboda gwaji da wanda zai maƙale a kwano.

Wajen tsomawa, kofi mai zurfi ya fi kwano mai faɗi. Komai ya kasance a bushe kuma ba daga firji ba. Ki shimfiɗa takardar gashin kek a tire, kada ki ɗora a kan tsurar silba, zai manne. Duk abin da za ki barbaɗa, ki yi kafin ya bushe, kamfawun ba ya jira, gara ki samu mai taya ki, ke kina tsomawa ita tana barbaɗawa. In kina son kalar anko, farin cakulan ake rinawa, kuma da kalar mai ko ta gari da aka yi don cakulan. Kalar ruwa ta kek za ta dunƙula shi kamar yadda madara ta yi. Ki sani farin cakulan yana da ɗan rawaya a jikinsa, in kika sa shuɗi zai karkata zuwa kore.

Zufa, fari, da batun ana gobe

Zufar nan ba daga cikin cakulan take fitowa ba. Danshin iskar ɗaki ne ke sauka a kan abu mai sanyi. Ruwan ya narkar da sukarin saman, in ya bushe sai sukarin ya bar farin tabo. Akwai kuma farin da mai ke yi, in cakulan ya ji zafi ya yi laushi ya sake daskarewa, abin da firjin da wuta ke zuwa tana tafiya ya ƙware a kai. Ki shafa da yatsa: in ya ɓace ya bar santsi, mai ne, in kin ji kaushi, sukari ne. Duka biyun ba sa cutarwa, kyan gani kawai suke ɓatawa. Sa'arki ɗaya, zuwa tsakiyar Nuwamba damina ta ɗauke, iska ta fara bushewa, zufar ba za ta kai ta Satumba da Oktoba ba.

Don haka firji na minti goma zuwa sha biyar ne, ya daskare ki fitar. Dabino ki jera a roba mai murfi, takarda tsakanin kowane layi, ki ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga da kicin. Shi kam ki yi shi tun saura kwana uku. Tanjarin da inabi za su iya kwana ɗaya, amma a firji, tunda ɗanyu ne: tishu a ƙasan roba, murfi a rufe gam, nesa da albasa da daddawa. Da safe ki fito da robar ki bar ta a rufe kamar awa guda a ɗaki mai esi, raɓar ta sauka a bayan roba maimakon kan cakulan, sannan ki buɗe. Tuffa da sitiroberi da abarba kuwa, safiyar ranar. Babu dabarar da za ta sa yankakken ɗanyen ɗan itace ya kwana a cikin cakulan ya tashi da kyansa.

Wajen kai su, kula za ki sa, ƙanƙara a ƙasa a naɗe da tawul, robobin a sama. A cikin mota inda esi ke bugawa, ba a but ba. A wajen taro ki nisanta tebur ɗinki da kulolin shinkafa da inda rana ke faɗowa, ki riƙa fitarwa tire ɗaya-ɗaya, in ya ƙare a kawo wani. In a zaure mai esi za a yi, kin huta. In kuwa a tsakar gida ne ƙarƙashin rumfa da azahar, ko kamfawun zai yi laushi ya ɓata wa mutane leshi, sai ki riƙe su a kula har bayan la'asar. Ki sanar cewa akwai gyaɗa a cikin dabinon saboda masu borin jini da ita, kuma na ƙananan yara ki zare tsinken, ki raba inabin biyu ta tsawo don kada ya shaƙe su.

Saura mako guda, ki yi guda goma na kowane iri da ainihin cakulan ɗin da kika saya, ki ajiye su a irin wurin da za a yi kamun, a irin lokacin, ki duba bayan awa ɗaya, ki sake dubawa bayan biyu. Wanda ya yi laushi ko ya yi naso ki cire shi, ki ƙara yawan dabino a gurbinsa.